Amsa kan yi wa mage da kare aikin hana haihuwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce magenki ta haihu sau uku cikin shekara guda har kin rasa masu karɓar 'ya'yan, muzurun gidan ya addabe ku da fitsari a jikin labule da kujeru, ga karen gadi da ke tsallake katanga ya kwana biyu a waje. Maigida yana tsoron in an fiɗiye karen zai zama rago, wata maƙwabciya kuma ta ba ki shawarar a yi wa magen allurar tsarin iyali. Kina tambaya ko aikin yana da amfani, ko wahalar da dabba ce kawai.

Bari in fara da allurar, don ita ce mai gaggawa. Don Allah kada ki bari a yi mata. Allura irin Depo-Provera tana ɗauke da sinadarin da ke sa jiki ya zaci akwai ciki. A jikin mage da karya sinadarin nan yana kaurara bangon mahaifa, ya rufe bakinta, ƙwayoyin cuta su sami mazauni, mugunya ta taru. Yana kuma jawo ƙari a nono da ciwon suga. Ƙaramar mage ma allura ɗaya kan isa ta kumbura mata nonuwa gaba ɗaya har fata ta tsage. Ga shi an auna maganin ne don babban mutum, ita kuwa magen duka-duka kilo 3 ce ko 4. Arahar da aka gani yau, ita ce za ta koma tiyatar gaggawa mai tsada nan gaba.

Abin da ke faruwa da magenki ba baƙon abu ba ne. Mage kan balaga tun tana wata 5 ko 6, wata ma tun wata 4. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma a ƙasarmu mai zafi ba ta da lokacin hutu, duk shekara kakar haihuwa ce a wurinta. In ba ta samu muzuru ba, kukan neman barbara zai riƙa dawowa duk bayan mako biyu ko uku, da birgima da ɗaga gindi da neman hanyar fita. Tana ma iya ɗaukar sabon ciki tun 'ya'yan ba su bar nono ba. Shi ya sa za ki ga mai yawan haihuwa ta rame, gashi ya yi cirko-cirko, komai ta ci ba ya kama jikinta.

Aikin da ake yi wa mace shi ne a yi mata allurar barci, a aske ciki ko gefen ciki, a tsaga kaɗan, a ɗaure jijiyoyin jini, a cire ƙwayayen haihuwa guda biyu tare da mahaifar, sannan a ɗinke hawa-hawa: naman ciki, ƙarƙashin fata, sai fatar. A hannun gwani na mage bai cika wuce minti 30 ba, na karya kan kai awa guda saboda kitse da girman jijiyoyi. Na namiji ya fi sauƙi nesa, tunda ba a shiga ciki: a cire 'ya'yan maraina biyu a ɗaure igiyarsu. Na muzuru ko ɗinki ba a yi, minti 10 an gama.

Babban abin da mace ke tsira daga gare shi ciwo biyu ne. Na farko ƙarin nono. A mage kusan tara cikin goma na irin wannan ƙari kansa ce mai yaɗuwa zuwa huhu, a karya kuwa kusan rabi. Wani binciken da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna magen da aka yi wa aiki kafin wata 6 haɗarinta ya ragu da kashi 91 cikin ɗari, wadda aka yi wa kafin shekara da kashi 86. In aka bari ta shekara biyu kafin a yi mata, kariyar da za ta samu ta kusa ƙarewa. Ke nan maganar da ake yi cewa sai an bar ta ta haihu sau ɗaya tukuna ba ta da tushe, jinkirin ma rage amfanin aikin yake yi. Taki da ta riga ta haihu ta wuce wannan gaɓar, amma har yanzu aikin zai hutar da jikinta, ya kuma kare ta daga ciwo na biyu.

Wannan na biyun, taruwar mugunya a mahaifa, shi ne nake so kowa a nan ya san alamunsa, domin yana kisa cikin 'yan kwanaki. Ya fi kama karya. A ƙasar Suwidin, inda ba a saba yi wa karnuka aikin ba, an gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu na karyoyi suna kamuwa kafin su cika shekara 10. Yakan bayyana mako 4 zuwa 8 bayan ta gama jinin barbara. Sai a ga ta daina cin abinci, tana ta shan ruwa tana yawan fitsari, tana amai, ciki ya ɗan taso, masu gida har murna suke wai ta samu ciki. In bakin mahaifar a buɗe yake za a ga ruwa mai kauri, ruwan ƙasa ko jaja-jaja, mai ɗoyi, yana ɓata inda ta kwanta. In a rufe yake babu abin da zai fito, kuma shi ne mafi muni. Mahaifar karya lafiyayya kaurin fensir gare ta, amma wadda ta cika da mugunya takan kai damtsen yaro, bangonta ya yi siriri, taɓawa kaɗan ta fashe a cikin ciki. Maganinsa dai wannan tiyatar ce, sai dai yanzu ana yin ta ne a kan dabbar da guba ta riga ta shiga jininta, ƙodarta ta galabaita.

Muzuru kuwa babu wani dogon nazari, a yi masa. Fesa fitsari a tsaye a jikin bango alamar mallakar wuri ce, kuma kusan tara cikin goma suna dainawa ko su rage sosai bayan aikin, warin ma ya lafa cikin 'yan makonni. Yawon dare da faɗa suna raguwa, tare da su kuma ƙurajen cizo masu mugunya a kumatu da gindin jela, da wata cutar maguna mai karya garkuwar jiki da ke bi ta cizo, wadda ba ta da magani, ko da yake ba ta kama mutum. Ɓera kuwa zai ci gaba da kamawa. Farauta ba daga maraina take ba, kuma wanda ke kwana a gida ya fi wanda ke can unguwa ta uku amfani ga rumbu da sito. Inda ya riga ya ɓata a wanke da ruwa da sabulu sosai, in ba haka ba warin da ya saura zai riƙa jawo shi.

To, batun karen maigida. Gadi daga jinin karen yake da horonsa da shaƙuwarsa da gidan, ba ya tafiya da fiɗiya. Abin da ke tafiya shi ne bin ƙamshin karya, hawan ƙafar baƙi, ɗiga fitsari a kowace kusurwa, da faɗa da maza 'yan uwansa. Daren da ya tsallake katanga, wa ke gadin gidan? Amma in faɗa miki gaskiya, karen da ke cizo saboda tsoro, ko don an ɗaure shi a sarƙa yini da kwana ana dukansa, fiɗiya ba za ta gyara shi ba. Wanda kuma ya shekara biyar yana haura katanga ya mayar da shi ɗabi'a, sai an haɗa da gyaran katangar.

Yawon nan yana da wani haɗari da ya zama ruwan dare a karnukanmu masu sakaka: ƙarin al'aura da ake ɗauka ta barbara. Tsiron nama ne ja mai gurza-gurza a gindin azzakari ko cikin farjin karya, yana ɗigar jini, mutane su zaci rauni ne ko tsargiya. Yana warkewa da allurar maganin kansa ta jijiya, sau ɗaya a mako har mako 4 zuwa 6, amma kuɗinta ya fi na fiɗiya. Sannan yawancin karnukan da ba a fiɗiye ba, in sun haura shekara biyar, ƙullin mafitsararsu yana kumbura, ya danne hanyar kashi, ka ga kare yana ta yunƙuri, jini na ɗiga daga gabansa. Fiɗiya tana saɓe kumburin cikin makonni. Kansar maraina ma ta kau, musamman ga wanda ɗan marainansa ɗaya ya maƙale a ciki bai sauko ba. Irin wannan dole a buɗe a nemo na cikin, don shi ya fi saurin zama ƙari.

Ba a yi wa kare ko muzuru dandaƙa irin ta bunsuru, ba a ɗaure masa roba, ba a sa masa aska a tsakar gida. Jijiyar wurin sai an ɗaure ta da zare, in ba haka ba ta zame ta koma ciki tana zubar da jini inda ido ba ya gani. Robar kuwa zafi zai sa ya ciji wurin ya yaga, ruɓa da sandarewar jiki su biyo baya. Masu tambayar hukuncin addini, malamai sun yi saɓani, kuma waɗanda suka halatta sun gindaya sharaɗin a samu maslaha kuma kada a azabtar da dabbar. Wannan sharaɗin kansa ya isa ya hana aikin tsakar gida.

Lokacin yin aikin ya bambanta. Mage da muzuru, wata 4 zuwa 5. Karen gida da ƙananan karnuka, wajen wata 6. Manyan karnukan waje irin na 'yan sanda da Rotwaila da Bowabul a jira su cika shekara zuwa wata 18, domin binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Debis tun daga 2013 ya nuna yi musu da wuri yana ƙara matsalar ƙugu da gwiwa, tunda ƙashi bai gama tsayawa ba. Ba a son yi wa karya aiki tana cikin jini, jijiyoyin sun cika sun yi laushi. A bari sai wata 2 zuwa 3 bayan ta gama. Kaɗan daga cikin manyan karyoyi kan samu ɗigar fitsari cikin barci bayan shekaru, akwai maganinta. Ƙiba kuwa gaskiya ce, don buƙatar abinci tana raguwa alhali ci yana ƙaruwa. A rage kusan kwata na abin da aka saba zubawa, a riƙa shafa haƙarƙari: in sai an danna kafin a ji ƙashi, abinci ya yi yawa.

Ki nemi likitan dabbobi mai rajista, ba mai sayar da maganin kaji ba. Akwai asibitocin dabbobi na jihohi, akwai na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kafin ranar a ba da maganin tsutsar ciki, a raba kare da kaska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu: cututtukan kaska suna shanye jini su kuma hana shi daskarewa, karen da ake gani garau sai jini ya ƙi tsayawa a kan tebur. Ki ɗaga leɓensa ki duba dasashi. In fari ne fat maimakon ja-ja, a gwada jini a yi magani tukuna. In aikin na safe ne a ɗauke abinci tun ƙarfe goma na dare, ruwa a bar shi har asuba, don dabbar da ta yi amai cikin barcin allura yakan shige mata huhu.

Yawancin ɓarna a gida take faruwa bayan an dawo. A kwantar da ita a ƙasa kan tsumma mai tsabta, a ɗaki mai ɗumi, musamman da hunturu, don allurar barci tana sauke zafin jiki. Da yamma a ba ta rabin abincinta. Lasa ita ce babbar matsala: dare ɗaya ya isa ta warware zaren, har hanji ya leƙo. A sa mata kwalar roba a wuya. In babu, a huda hannun tsohuwar riga a zura wa mage ya rufe ciki, kare kuma a yanke gindin ƙaramin bokitin roba a ɗaure a abin wuyansa. Babu wanka, babu tsalle, babu fita har kwana 10 zuwa 14 da za a cire zare. Da damina a kula da ƙuda, yana ajiye tsutsa a rauni cikin yini ɗaya. Kada a shafa Dettol ko Izal ko baƙin mai, guba ne ga mage in ta lasa. Panadol ƙwaya ɗaya tana kashe mage, ibuprofen da dikilofenak kuma suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Maganin zafi sai wanda likitan ya auna da nauyinta. In dasashi ya yi fari, ciki na kumbura, jini na ɗiga ba tsayawa, ko ta wuce yini guda ba ci ba sha, a koma asibiti a take, kada a ce sai gari ya waye. In kuma bayan watanni mage ta dawo da kukan neman muzuru, an bar guntun ƙwai a ciki, sai an koma an cire.

Aikin nan ba ya maye gurbin rigakafin ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare. A yi wa ukun duka, a riƙa sabuntawa kowace shekara.

In kuɗi ba zai kai a yi su lokaci guda ba, ki fara da muzurun tunda nasa ya fi araha kuma magen tana shayarwa. Ita sai 'ya'yan sun kai mako 6 zuwa 8 an yaye su, a ƙara mako biyu nono ya kafe. Kafin nan ki tsare ta a ɗaki, har da shi kansa muzurun, domin namiji yana iya yin ciki har kusan mako 6 bayan an fiɗiye shi. 'Ya'yan da kika bayar kuma ki gaya wa masu su kada su bari su wuce wata 5 ba a yi musu aikin ba.