Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila, kan batun tallafin haya

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai ne na farko da ya yi mini wannan tambaya a bana ba. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, kuma abokinka ya tabbatar maka cewa ko guzuri ya yanke ba za ka kwana a titi ba, tunda gwamnati tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin haya.

Tallafin yana nan, amma ba naka ba ne. Bizar ɗalibi da bizar aiki duk suna ɗauke da sharaɗin cewa mai ita ba shi da rabo a cikin tallafin gwamnati, kuma na haya yana cikin waɗanda aka hana. Sai mutum ya samu takardar zaman dindindin, wadda mai bizar aiki yakan jira shekara biyar kafin ya nema, shekarun karatu kuwa ba sa shiga lissafin biyar ɗin, sannan a 2025 gwamnati ta fito da shawarar a mayar da wa'adin shekara goma.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko waɗanda ke da haƙƙin karɓa, an daɗe ana yanke musu shi kaɗan-kaɗan har ya daina rufe haya. Kafin 2011, ana duba kuɗin hayar gidajen yanki a ɗauki matsakaici, wato tallafin yana isa rabin gidajen da ke kasuwa. Gwamnatin David Cameron, da George Osborne a matsayin ministan kuɗi, ta sauke ma'aunin a watan Afrilun 2011, ya zama in an jera gidaje 100 daga mafi araha zuwa mafi tsada, a kan na 30 ake tsayawa. Daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da adadin gaba ɗaya, alhali masu gidaje suna ƙara haya kowace shekara. An daidaita shi lokacin korona, aka sake barinsa har Afrilun 2024, sannan gwamnatin Labour, wadda talakawa da yawa suka sa wa rai, ita ma ta bar shi yadda yake a 2025. Masu zama a gidajen ƙananan hukumomi ba su tsira ba, domin tun 2013 duk wanda aka ce yana da ɗaki ɗaya da ya wuce buƙatarsa ana cire masa kashi 14 cikin ɗari, mai ɗaki biyu ko fiye kuma kashi 25. A shekarar ce aka sa iyaka ga jimillar tallafin da iyali za su karɓa, fam 26,000 a shekara, aka kuma rage shi a 2016 zuwa fam 23,000 a Landan da 20,000 a sauran wurare.

Giɓin da ke tsakanin tallafi da haya ba ya ɓacewa, daga kuɗin cefane da na ɗumama ɗaki ake cike shi. Na yi maƙwabtaka da wata baiwar Allah mai 'ya'ya, tana aikin kula da tsofaffi, wadda ta riƙa kashe na'urar ɗumama gida a tsakiyar hunturu don kada bashin haya ya taru. Duk da haka bashin ya taru, mai gida ya ba ta takardar tashi, ƙaramar hukuma ta ajiye su a ɗaki ɗaya na wucin gadi a wani gari mai nisa da makarantar yaran. Ba ita kaɗai ba ce, domin a 2023 iyalan da ke irin wannan masauki a Ingila sun haura 100,000.

Za ka iya cewa tunda ba ka cikin masu karɓa, yankewar ba ta shafe ka ba. A nan ne masu zuwa suke yin kuskure. Tun Janairun 2012, wanda bai kai shekara 35 ba kuma ba shi da iyali, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai ake ba shi, bayan a da wannan ƙa'ida ta tsaya ga 'yan ƙasa da 25. Wannan ya tura ɗimbin 'yan ƙasa cikin irin ɗakunan da ɗalibi baƙo yake nema, kuma su suna da tarihin biyan haya da dangin da za su tsaya musu, kai ba ka da ko ɗaya. Lokacin da na zo, wani dillalin gidaje ya dube ni ya ce tunda ba ni da mai tsaya mini a ƙasar, sai na biya hayar wata shida gaba ɗaya, a kan ɗakin da bangonsa ya yi baƙi saboda danshi. Na biya, domin babu yadda zan yi, kuma har yau ban manta da yadda ya ƙirga kuɗin ba tare da ya ɗaga kai ya kalle ni ba. Alhamdu lillahi, da aikin dare da na ƙarshen mako na riƙe kaina har na samu takarduna, ban taɓa karɓar ko kwabo na tallafi ba, amma ba zan ɓoye maka cewa lafiyata ta ji jiki ba.

Adadin da ofishin biza yake so ka nuna a asusunka, wanda a farkon 2025 ya kasance fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan da fam 1,136 a wajenta, kada ka ɗauke shi a matsayin kuɗin nuni da za ka aro ka mayar, kamar yadda na ji wasu suna yi. Kuɗin da za ka ci ne, kuma a Landan haya kaɗai tana iya cinye fiye da rabinsa. Awa 20 a mako doka ta yarda ka yi aiki lokacin zangon karatu. Batun matarka kuma, tun Janairun 2024 aka hana masu irin digirinka zuwa da iyali, don haka ka lissafa da cewa gida biyu za ka riƙe, ɗaya a naira ɗaya a fam.

Ka turo mini sunan garin da jami'ar take da ainihin abin da ke hannunka bayan kuɗin makaranta, ban da abin da kawu ya yi alkawari. Ka fara neman ɗaki a masaukin jami'a tun yanzu, ko da ya fi tsada, kuma kada ka yanki tikitin jirgi sai an turo maka yarjejeniyar ɗakin a rubuce. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.