Kar ka aske masa gashi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka yi wa ɗan karenka na kiwo, irin wanda ake kira Sheltie, aski saboda zafi. Don Allah kar ka yi. Gashinsa hawa biyu ne: na ciki mai laushi, na waje mai kauri da ke tare rana da ruwa. In ka aske, na cikin ne ke riga tsirowa, sai ya cukurkuɗe, rana kuma ta ƙona fatar.

Taza ita ce maganin, sau biyu a mako. Ka ɗan fesa ruwa, ka tsaga gashin layi-layi har ka ga fata, ka taje daga tushe. Bayan kunnuwa da hammata nan ya fi dunƙulewa. In ka yi masa wanka, ka bari gashin na ciki ya bushe sarai.