Agile a manhajar bincike: ku ɗauki zangon mako biyu da gwaji

Malam, ka ce ku uku ne a Birnin Kebbi, kuna rubuta manhajar auna gonakin shinkafar da ambaliya ta ci, daga hotunan tauraron ɗan'adam, kana tambaya ko tsarin Agile, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nunawa ana karɓar canji a kai a kai, zai yi muku. Zai yi, amma kada ku kwashe shi duka.

Mutum 17 ɗin da suka rubuta takardar Agile a jihar Utah ta Amurka a 2001, manhajar kamfanoni ce a ransu, inda akwai mai biya da zai duba ya ce ta yi ko ba ta yi ba. A bincike kuwa, malamin da kuke wa aikin shi ma bai san amsar ba. Manhaja na iya tafiya lafiya lau, tana zubo lambobin ƙarya.

Na yi irin aikin nan kan fadamar Argungu. Abin da ya fi amfanarmu shi ne duk mako biyu mu nuna wa mai binciken taswira, komai muninta. A irin zaman nan ne ya kalli wani yanki ya ce ai wannan ba ambaliya ba ce, dashe aka yi, manoma suka tsayar da ruwa. Daga sama duk ruwa ne. Haka kuma mun fara da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, mai dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5, sai gajimaren Agusta da Satumba ya rufe komai, daidai lokacin da kogi ke cika. Dole muka koma Sentinel-1, mai aiki da na'urar rada (radar), wanda gajimare ba ya tare shi. Da jadawalin shekara muka ɗaure kanmu da shi, da sai ƙarshe za mu gane.

Gwaji shi ne wahalar. Ku samu gonakin da aka taka da ƙafa aka auna da GPS, aka tabbatar wacce ruwa ya ci da wacce ya bari. Duk wanda ya taɓa layi ɗaya na manhajar, a sake gwada ta a kan gonakin nan. In lamba ta motsa, a tsaya sai an san dalili. Komai ya shiga Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji, har da bayanin hoton wace rana aka yi amfani da shi, don ranar kare digiri za a tambaya, alhali an manta.

Taron tsayuwa na minti 15 kullum da Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, ke so? Ku uku, ga koyarwa, ga wuta da sabis ba tabbas, saƙon WhatsApp da safe ya wadatar.

Wuri ɗaya ne ban yarda da canji ba: fom ɗin tattara bayanai a gona. In KoboToolbox, manhajar cika fom a waya, kuke amfani da shi, ku kammala shi kafin ruwa ya sauka, ku kulle. Tambayar da aka sauya a tsakiyar damina tana raba bayanan gida biyu, kuma sai baɗi za a sake samun damar gyarawa.