Amsa ga ƙanwata mai son zuwa aikin jinya Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce aikin dare ya ishe ki, ke kaɗai a ɗakin marasa lafiya cike maƙil, kuma wani a can Kaduna ya yi alkawarin samo miki bizar kula da tsofaffi in kin biya shi. Don Allah kada ki ba shi ko sisi. Tun Yulin 2025 Birtaniya ta daina ɗauko masu wannan aikin daga waje. Ke nas ce, hanyarki ta NMC ce, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a Birtaniya: jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, sai CBT, jarrabawar aikin jinya a kwamfuta, sannan OSCE, ta gwada aikin a aikace, bayan kin iso. Kuma Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce ma'aikatan lafiyarsu sun yi ƙaranci, shi ya sa ba a yarda asibitocin gwamnatin Birtaniya, wato na NHS, su je farautar ma'aikata a can ba. Ke za ki nemi aikin da kanki.

Abin da har yau yake taɓa mini zuciya a nan Ingila, ba na ganin an tura ɗan'uwan mara lafiya kemis tsakar dare ya sayo safar hannu da ƙarin ruwa kafin a taɓa mutum. Ana fara magani, ba maganar kuɗin kati. Amma jira ake yi, jira mai cin rai. A 2023 jerin masu jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. Ba ka ganin babban likita sai likitan unguwa ya tura ka, shi kansa samun ganinsa aiki ne. Lokacin sanyi za ki tarar da tsofaffi kwance a kan gadon turawa a baranda, alhali a ciki akwai waɗanda sun warke amma ba a sallame su ba, don babu mai kula da su a gida.

Ki kuma sani a nan babu mai jinya da zai shimfiɗa tabarma gefen gado. Wankan mara lafiya, juya shi, ba shi abinci, abin da 'yan'uwa ke ɗauke miki a gida, duk yana wuyanki ke da mataimaka, awa 12 a tsaye, ga rubuce-rubucen da ba sa ƙarewa.

Ban ce kada ki zo ba. Albashi na zuwa kan kari, kayan aiki akwai, za ki ƙaru sosai. Sai dai ki fara shirya gida. Ke ce ke auna wa Mama hawan jini, ke ce kika san magungunanta. Ki koya wa ɗaya daga cikin yaran nan aunawa, ki je ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ki yi mata rajistar inshorar lafiya, ki turo mini abin da suka ce a biya.