Amsa ga 'yar'uwar da ke son ƙarasa digirin tsaftar haƙora ta intanet

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kina da digirin shekara biyu da lasisin aikin tsaftace haƙora a nan Amurka, wuya da hannu sun fara yi miki ciwo, kuma kina neman makarantar da za ki ƙarasa digiri na farko ta intanet ba tare da kin ajiye aiki ba. Wallahi sai na ji kamar ni ce na rubuta, domin ciwon nan da ke tasowa daga kafaɗa ya gangaro har yatsu bayan an wuni a sunkuye a kan bakunan mutane, shi ne ya mayar da ni karatu.

Kafin ki biya ko dala ɗaya, ki sa makarantar ta ba ki lissafin kiredit ɗin (ma'aunin kwasa-kwasan da kika ci) da ta karɓa daga tsohuwar makarantarki a rubuce, kwas bayan kwas, kuma takardar ta fito daga ofishin rajistara. Digiri na farko yawanci kiredit 120 ne, jami'o'i da dama kuma suna sharɗanta a yi kamar 30 daga ciki a wurinsu, saboda haka yawan abin da suka karɓa shi ne zai nuna shekarun da za ki yi da kuɗin da za ki kashe.

Ina nanata wannan ne saboda abin da wata ma'aikaciyar ɗaukar ɗalibai ta yi mini a makarantar da na fara shiga. Matar nan ta riƙa kirana kusan kullum, tana tambayar lafiyar yara, tana tabbatar mini cewa kusan duk abin da na karanta zai shiga lissafi, har ta ce in hanzarta domin gurabe sun kusa cika. Sai da na biya kuɗin zangon farko, karatu ya yi nisa, lokacin mayar da kuɗi ya wuce, sannan takardar rajistara ta iso: an yi watsi da kwasa-kwasan kimiyya da na yi, wai sun daɗe, an kuma ƙara mini wasu da ba a taɓa ambata mini ba. Ina cikin mota a bakin asibitinmu lokacin hutun rana na karanta ta, kuma haka na koma na ci gaba da duba marasa lafiya, hawaye na gangarowa a ƙarƙashin takunkumi. Daga ranar matar da ke kirana kullum ta daina ɗaukar wayata. Da na kai ƙara sai aka ce maganar baki ba hujja ba ce, da na nemi takardar sakamakona domin in koma wani wuri sai aka riƙe ta har na biya ragowar kuɗin. Wannan kuɗi na tara shi ne da aikin ranakun Asabar. Na bar ta da Allah, amma har yau idan na tuna muryarta mai taushi raina yakan ɓaci.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne batun CODA, hukumar tantance karatun fannin haƙori a Amurka. Hukumar tana tantance karatun da ke kai mutum ga lasisi ne, ba shirye-shiryen ƙarasa digiri ba, don haka abin dubawa shi ne ko ita kanta jami'ar tana da cikakkiyar tantancewa, musamman idan kina da niyyar digiri na biyu. Ki duba jerin shirye-shiryen ƙarasa digiri da ADHA, ƙungiyar masu aikin tsaftace haƙora ta Amurka, take da shi. Daga cikin waɗanda aka sani da wannan karatu ta intanet akwai Jami'ar Michigan, da Kwalejin St. Petersburg a Florida, da Oregon Tech, da makarantar Fones ta Jami'ar Bridgeport, garin da Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta wannan sana'a a 1913. Ki tambayi kowacce ko tana karɓar ɗalibai daga jiharki, musamman idan a California kike, domin ba ta cikin yarjejeniyar SARA ta karatun intanet tsakanin jihohi, wadda sauran jihohi suka shiga, ki kuma tambaya ko ana ƙara wa 'yan wata jiha kuɗi.

Kada ki sa rai likitan da kike yi wa aiki zai ƙara miki albashi don kin kawo digiri. Nawa ya taya ni murna, ya ci gaba da biyana yadda ya saba, tunda aikin da lasisi ya halatta mini bai canza ba. Amfanin digirin yana wajen kujerar asibiti: koyarwa, aikin lafiyar al'umma, kamfanonin kayan haƙori. Darussan ma ba na hannu ba ne, rubutu ne da bincike da tattaunawa, sannan akwai aikin kammalawa da sau da yawa ke zaki nemo wurin yinsa a garinku, don haka ki fara gaisawa da malaman tsohuwar makarantarki tun yanzu.

Ki cike FAFSA, fom ɗin neman taimakon kuɗin karatu na gwamnatin tarayya, ko da kina gudun bashi mai ruwa kamar yadda na guje shi, domin ta nan ake duba tallafin da ba a biya. Ni kwas ɗaya ko biyu na riƙa ɗauka a zango, ina biya daga albashi. Hannun kuma ki kai shi a duba tun bai tsananta ba, domin rubutu a kwamfuta da dare ba hutu ba ne gare shi. Idan takardar kiredit ta zo, ki turo mini mu duba tare kafin ki sa hannu. Allah ya ba ki lafiya, ya sauƙaƙa miki.