Amsa ga ƙanena mai son karatun tsutsar gawa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fannin ilimin halittu, kuma kana son zuwa Birtaniya ka karanci yadda ake gano ƙwayar magani ko ta maye a jikin tsutsar gawa don a san yaushe mutum ya mutu. Ka tambaya ko akwai ci a ciki.

Koren ƙuda kan sauka a kan gawa ya yi ƙwai tun kafin wari ya kai hancin mutane. Idan an san irin ƙudan da yanayin zafin wurin, girman tsutsa zai nuna mafi ƙarancin kwanakin da gawar ta yi. To amma tsutsa abin da mamaci ya sha take ci. A 1980 aka ba da rahoton wata mata a Amurka da aka tsinci gawarta ta ruɓe, babu jini ko fitsarin da za a gwada, sai a cikin tsutsotsin aka samu maganin barci na phenobarbital. Daga baya wani masanin ƙwari, Lee Goff, ya nuna a Hawaii cewa hodar iblis na sa tsutsa saurin girma, ka ga sai ka ɗauka gawar ta fi haka daɗewa. Can ma an samu wanda ya sha maganin ƙwari na malathion: tsutsa ta nuna kwana 5, alhali kwanansa 8 da ɓacewa.

Aikin yau da kullum kuwa ba irin na fim ba ne. Hanta nake niƙawa in cuɗa ta da magani, in zuba wa tsutsa a roba, in riƙa aunawa da tsakar dare. Waɗanda za a auna tsayinsu a ruwan zafi ake kashe su, waɗanda za a nemi ƙwaya a jikinsu kuma wanke su ake yi a daskarar. Warin har cikin gashi yake shiga. Akwai ranar da wata tsohuwa ta tashi ta canza kujera a bas saboda ni. Kuma ka sani tun yanzu, nan Birtaniya ba a ajiye gawar mutum a fili don gwaji kamar yadda ake yi a Jami'ar Tennessee. Da mushen alade ake yi. Ni safar hannu biyu nake sawa, amma kai ka tambayi malaminka kafin ka biya kuɗin biza.

Batun ci, kada in ɓoye maka: masu cin abinci da tsutsa kaɗai ba su da yawa. Ka nemi kwas ɗin da zai sa ka ƙware a ilimin guba da na'urorin tantance sinadarai na LC-MS da GC-MS, domin su ne ke kai mutum asibiti, kamfanin magunguna ko ɗakin gwajin NDLEA. Strathclyde a Glasgow da King's College a Landan duk suna da digiri na biyu a binciken laifuka.

Da ni ne kai, da tiramol da kodin zan ɗauka a matsayin bincike, da ƙudajenmu irin su Chrysomya albiceps. Yawancin jadawalin girman tsutsa a Turai da Amurka aka haɗa shi, ba a zafin Sakkwato na watan Afrilu ba. Hanta, roba da ma'aunin zafi sun ishe ka farawa tun kana gida. Turo min sakamakonka in ga ko ka yi kemistiri sosai.