Ɗana ya haddace littafinsa, amma ya kasa karanta "kaza"

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina da yaro ɗan shekara bakwai, yana aji biyu na firamare. Idan na buɗe masa littafin makarantarsu sai ya zubo shi tiryan-tiryan daga bango zuwa bango, har da waƙar haruffan Turanci. Amma ran nan na rubuta masa "kaza" a takarda, ya yi tsuru yana kallona. Yanzu da ya ga na ɗauko littafi sai hawaye. Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa, a nemo malamin lesin mai bulala. A makarantar allo kuwa malaminsu yabonsa yake yi. Mene ne abin yi?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma ba maigida haƙuri a jingine maganar bulala. Yaron da ya haddace littafi sukutum, har malamin allo yana yabonsa, kansa na ja. Hadda aka ba shi a madadin karatu. Malami ya faɗa, aji cike maƙil ya amsa, a maimaita har ya zauna. Hoton da ke shafin ne ke gaya masa inda aka kwana, sauran kuma kunne ne ya riƙe masa. Ke kuma kika ba shi "kaza" tsurarta, ba hoto, ba amshi. Ina zai kama?

Dubi yadda ake yi a allo. Ba a miƙa wa yaro sura ya karanta da kansa sai ya bi ta babbaƙu, ya san kowane baƙi, sannan farfaru, ya san yadda wasali ke juya shi. Wannan tsani ne aka tsallake masa a boko, kuma shi za ki koma ki kafa masa a gida, da Hausa.

Na ce da Hausa, don na san abin da za ki ce: ai Turanci ake so ya iya. Zai iya. Amma rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa duk inda ya faɗo. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Kalmominmu kuma gaɓa-gaɓa suke tafiya, yawanci baƙi da wasali. Yaron da ya gane dabarar haɗa sauti da sauti a harshen da yake ji, da ita zai shiga Turanci. Wanda aka fara da harshen da bai ji ba kuwa, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda.

Abu na farko, ki raba shi da sunayen nan na "ei, bi, si" a lokacin karatun Hausa. Su ne ke sa yaro ya ga "ci" ya ce "si". Ki koya masa sautin da harafin ke yi. Ki fara da wasulan, sai baƙaƙe kaɗan masu yawan fitowa, kamar m, n, k, b, r, s. Kada ki jira sai ya gama haruffa duka. Ranar da ya san "m" da "n" da "a", ranar zai karanta kalma.

Ki samo kwalin sukari ko na sabulu ki yayyanka, ki rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki da manyan haruffa. Ki ajiye "na" a hagu, "ma" a dama, ki ce ya karanta yana tura su kusa da juna har su haɗu: nama. Sai ki sauya musu wuri: mana. Ki duba fuskarsa a nan. Haka "ra" da "ba" za su ba shi raba da bara, "sa" da "ka" su ba shi saka da kasa. Wannan juyin ne ke karya hadda, saboda ba yadda zai yi ya cinka, dole ya duba. In ya saba da biyu ki ƙara ta uku: ra-ƙu-mi. Ta-kal-mi kuwa ki bar shi sai gaba, irin su "kal" da "bar" masu rufaffen baki sun fi wuya. Daga baya ne za a shiga sh, ts, ky, gw da 'yan uwansu.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ, kada ki yi musu sakaci kamar yadda muke yi a waya. Ki rubuta masa "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi", "bata" da "ɓata", ya ga cewa 'yar ƙugiyar nan ce ta raba su. Akwai kuma inda rubutun bai taimaka ba, tun da ba ya nuna jan wasali ko karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Ki sa kowanne a jimla, ki bar shi ya gano da kansa. Yara na jin daɗin wannan.

Ga wani abu da ya shafe mu mu Sakkwatawa. A gida yaro "munka tahi" yake cewa, da "hwara", littafi kuma ya ce "muka tafi" da "fara", saboda daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci. Idan ya ga "tafi" ya ce "tahi", kada ki tsawata masa. Ya karanta, ya gane, har ya mayar da ita bakinsa. Ki ce masa: haka muke faɗi, haka kuma ake rubutawa. Na sha ganin malamai suna lissafa wannan cikin kuskure, suna sa yaro jin kunyar harshen kakarsa, abin yana ba ni haushi.

Sai maganar hawaye, wadda ta fi damuna. Yanzu a wurinsa littafi jarrabawa ne da ya san zai faɗi. Ki ɗauke littafin makarantar nan kwata-kwata na mako biyu. Ki koma ga "ga ta nan ga ta nanku". Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, gobe ki ce shi ya ba ki ita, ke kina rubutawa a gabansa, jimla uku ko huɗu, daidai yadda ya faɗa. Sannan ki karanta masa kina bin kalmomin da yatsa. Zai yi mamakin ganin maganarsa ta zauna a takarda. Ko ki yi masa kacici-kacici: "Baba na ɗaka, gemu na waje." Ki rubuta amsar, wuta da hayaƙi, ki ninke takardar ki ba shi. In yana son sani, sai ya karanta. Aike ma haka: ki rubuta "gero", "nono", "kuka" a 'yar takarda ya kai wa mai kanti, amma ya karanta miki kafin ya fita.

Koyarwa a tsakar gida da harshen da ake ji ba baƙon abu ba ne a garin nan. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, malamai mata da ta horar, waɗanda ake kira jaji a ƙungiyarta ta 'yan taru, suka riƙa kai su ga mata har ƙauyuka.

Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa. Yaron da ya yi boko da safe, ya yi allo da yamma, ga zafin bazarar Sakkwato, ba ya da sauran ƙarfin zaman awa guda. Ki zaɓi bayan magariba ko da sassafe ranar da ba makaranta, ki tashi tun yana marmari. In ya kuskure ki ce "sake dubawa", ki ƙirga biyar a zuci kafin ki taimaka. Ki tambayi malamar ajinsu ko suna da littattafan Mu Karanta da aka raba wa firamaren gwamnati a Sakkwato da Bauci. Gaɓa-gaɓa aka tsara su. Malamin lesin kuwa, in har za a ɗauka, ki zauna ki ga darasinsa na farko. Idan "faɗi in faɗi" yake yi, ki riƙe kuɗinki.

Rikita "b" da "d" a shekarunsa ba abin tsoro ba ne, yakan wuce. Amma in kin ga yana ƙanƙance ido, ko yana kai takarda dab da hanci, ko sai an ɗaga murya yake ji, ko kunnensa na yawan ruwa, ki kai shi asibiti a duba shi. Idan kuma kun yi wata uku kuna wannan aiki kullum, ido lafiya, kunne lafiya, amma har yanzu "na" da "ma" sun ƙi haɗuwa, ki sake rubuto min, ki haɗo da hoton rubutun hannunsa da jerin sautukan da ke ba shi wuya.